Bakin Rijiyar Kusugu

Ɗaliban da karatu ya kawo Daura kan tambaya ko har yanzu akwai wani abu a cikin Kusugu. Na fahimci tsoronsu. An ce maciji mai suna Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa da dare, ya je rijiyar ya fille kan macijin.

Ni kuwa idan na leƙa rijiyar, ba macijin nake tunawa ba. Matan nake tunawa, masu tattalin tulu ɗaya kwana bakwai, yaro na kukan ƙishi ana lallashinsa. Na ɗebi ruwan, na kurɓa. Da sanyinsa.