Baba Ɗan Audu da Maganar da Ba Ma Yi a Gida

A cikin dukkan mutanen da shirin Labarina ya ƙirƙira, babu wanda sunansa ya bi mai shi har gida kamar Baba Ɗan Audu. Rabi'u Rikadawa ya daɗe yana fitowa a finafinan Hausa kafin Aminu Saira ya fara sakin shirin a shekarar 2020, amma a yau da yawa daga cikin matasa da wannan sunan kaɗai suka san shi. Abin lura shi ne mutumin da jama'a suka riƙe haka ba shi ne jarumin labarin ba, kuma babu mai kiran sa mutumin kirki. Uba ne da ya sauke nauyin iyalinsa ya bar wa matarsa, ga daɗin baki, ga wayo kamar dila, idonsa kuma kullum yana kan aljihun masu neman 'yarsa Sumayya.

Ina cikin waɗanda suka bi zangunan farko na shirin mako bayan mako. Soyayyar Sumayya da Mahmud da Presdo ita ce ta cika bakin masu kallo, amma ni abin da ya fi zauna mini a rai shi ne wannan uban. A ganina, kawo shi cikin falon mutane ya fi duk wani abu da shirin ya yi daraja, kuma ina so in bayyana dalilina.

Iyayen da muka tashi muna kallo

Mu da muke cikin shekaru talatin da wani abu, da kaset ɗin bidiyo muka tashi. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kafin mu gama firamare finafinan Hausa sun cika shagunan haya na kowace unguwa. Iyayen da ke cikinsu kusan duk a kwaɓi ɗaya aka zuba su. Uba yana zaune a kan kujera da babbar riga, aikinsa ya sanar da cewa ya riga ya yanke hukunci, ya ba da 'yarsa ga ɗan amininsa. Uwa kuma ɗayan biyu ce: ko mai kuka a gefen gado, ko mai makirci da zuwa wurin boka. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta ƙware a kashi na biyu har yara suna tsoron ta da gaske. Allah ya jiƙan ta.

Waɗannan iyaye katanga ce kawai da aka gina a gaban masoya, domin a samu abin da za su tsallake kafin a kai ƙarshen fim. Babu mai tambayar inda uban yake samun kuɗin cefane, ko abin da yake tsoro, ko yadda shi ma aka rene shi. Ba na ɗora wa masu shirya finafinan laifi kacokan. Fim na sa'a biyu da aka gina a kan soyayya da waƙa, bisa tafarkin finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo a silima, ba shi da filin da zai tsaya ya duba cikin zuciyar dattijo.

Shiri mai dogon zango shi ya samar da filin. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, Daɗin Kowa ya shigo da gidaje irin na Kamaye da Adama, inda rigimar miji da mata kan abin da za a ɗora a murhu take iya cinye rabin shiri. Idan ana ganin mutum kowane mako na tsawon shekaru, dole ya zama mutum: a gan shi yana cin bashi, yana jin kunya, yana ƙarya, yana nadama. Labarina ya gaji wannan hanya, ya ƙara da YouTube, inda mai kallo a Kano da na Damagaram da na Kumasi suke ganin kashi ɗaya a dare ɗaya. A wannan fili ne aka iya tsayar da uba irin Baba Ɗan Audu a ce wa jama'a su dube shi da kyau.

Dalilin da ya sa irinsa ba sa ɓacewa

Wanda bai san tsarin gidan Bahaushe ba zai iya tambaya: mutumin da bai ciyar ba, bai tufatar ba, me ya sa ba za a rufe masa ƙofa kawai a huta ba? Amsar tana cikin yadda aka raba haƙƙoƙi a tsakaninmu.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Nijeriya suke aiki da ita, ciyar da 'ya'ya wajibi ne a kan uba: namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, mace har ta tare a gidan mijinta. Rabuwar aure ba ta sauke wannan nauyi. Reno yana hannun uwa, ciyarwa tana kan uba. A ɗaya gefen kuma, walicci a hannun uban yake. Shi ne mai ba da auren 'yarsa, ko ya wakilta ɗan'uwansa ya tsaya masa, kamar yadda aka fi yi a al'ada. Shari'a ta ɗora masa nauyi ta kuma ba shi iko, da nufin su tafi tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai.

A aikace kuwa, ana iya gudun nauyin a riƙe ikon. Ciyarwa abu ce ta kullum, ana yin ta a cikin gida inda babu mai gani, don haka mai gudun ta yana iya shekara goma sha biyar ba wanda ya tare shi a hanya. Walicci kuma na rana ɗaya ne, a gaban jama'a ake yin sa, a ƙofar gida ko a masallaci. Ranar da manema suka fara sallama, dangin ango za su tambayi uban yarinya, kuma uwar da ta yi wankau da surfe ta biya kuɗin makaranta ita ce za ta aika a nemo shi, domin kada a ce 'yarta ba ta da asali. A nan ne yake samun ƙofar dawowa da ƙarfinsa. Sadaki haƙƙin amarya ne, amma hanyar da ake bi kafin a kai ga sadakin, da gaisuwar iyaye da sauran ɗawainiyar neman aure, ta gabansa take wucewa.

A shekarun da na yi ina ɗauko rahoto daga kotuna, na zauna a shari'o'in neman ciyarwa da dama, kuma kusan salonsu ɗaya. Mace ta zo da yara biyu ko uku, ta ƙirga watannin da ta yi ba ta ga ko ƙwayar hatsi ba. Alƙali ya juya ga uban. Shi kuma ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Na ga ana murmushi a ɗakin shari'a saboda iya maganar irin waɗannan mutane. Da na ga Rikadawa a shirin, muryar na fara ganewa kafin komai. Wanda ya rubuta wannan mutum da wanda ya fito a matsayinsa sun san shi a zahiri.

Dariyar da ke da nauyi

Da an yi Baba Ɗan Audu mugu mai zare ido da dukan mata, da kowa ya tsine masa ya wuce, domin babu wanda zai ga kansa ko ɗan'uwansa a jikinsa. Sai aka yi shi mai ban dariya, irin mutumin da ake jin daɗin zama da shi a majalisa, wanda idan ya tashi ake cewa wane akwai barkwanci. Haka masu wannan hali suke a gari. A waje suna da jama'a, a cikin gida ne kaɗai aka san kuɗin da ake biya kafin a samu wannan fara'ar.

Wata abokiyar aikina ce ta fahimtar da ni nauyin abin. Muna hirar shirin a ofis wata safiya, kowa yana kwaikwayon maganar mutumin ana ƙyaƙyatawa, ita kuwa tana ta aikinta ba ta ɗago ba. Da aka watse sai ta ce mini, "Ku wasa kuke kallo. Ni gidanmu nake kallo." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mun shekara huɗu muna aiki tare ban taɓa jin ta ambaci mahaifinta ba sai ranar.

Mu mutane ne masu rufin asiri. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗa ba ya kai ƙarar ubansa ko a hira, wanda ya yi kuwa za a ce ba shi da albarka. Wannan tarbiyya ta tsare mana mutuncin gidaje da yawa, ta kuma bar dubban 'ya'ya da ciwon da ba su da sunan da za su kira shi. Shirin ya ba su suna. Yarinyar da ba za ta iya cewa "babana ya yi mana kaza" ba, tana iya cewa "wani Baba Ɗan Audu ne," a gane ta, ba tare da ta kama sunan mahaifinta ba.

Uwar da ta riƙe gidan

A gefe guda kuma akwai mahaifiyar Sumayya, wadda Hadiza Muhammad, Hadizan Saima, ta fito a matsayinta cikin natsuwar da aka san ta da ita. Ita ce irin uwar da kowace unguwa take da ita, mai haɗiye magana don kada 'ya'ya su ji, mai tsawatar wa 'yarta a lokacin da ita kanta take bukatar mai rarrashi. Na ji daɗin yadda aka ba ta mutunci a cikin talauci, ba a mai da ta abar tausayi kawai ba.

Duk da haka akwai abin da nake tsoro a yadda muke yaba irin wannan uwa. Muna saurin cewa Allah ya ba mu mata masu haƙuri irin nata, mu tsaya a nan. Haƙurinta abin girmamawa ne, amma wani ne ya jawo shi. Idan muka yi ta yabon mai ɗaukar kaya ba mu tambayi wanda ya ɗora mata ba, to mun sauƙaƙa wa na gaba ya ɗora wa tasa matar. Mai kallo nagari zai yaba uwar, ya kuma riƙe tambayar.

Ko wannan zai koya wa yara raina iyaye?

Na ji dattawa suna wannan ƙorafi, kuma ba na ɗaukar sa da wasa. Girman iyaye ginshiƙi ne a addininmu da al'adarmu, kuma gidan da ɗa yake ɗaga wa ubansa murya ya kama hanyar rushewa. Sai dai Alƙur'ani da kansa ya raba biyayya da kyautatawa. A cikin Suratu Luƙman an yi maganar iyayen da suke matsa wa ɗansu ya yi shirka, aka hana shi bin su a kan haka, aka kuma umarce shi ya ci gaba da zama da su cikin alheri. Idan har a kan mafi girman laifi an bar ƙofar kyautatawa a buɗe ba tare da an ce laifin daidai ne ba, to ɗa yana iya sanin cewa ubansa ya gaza, ya kuma durƙusa ya gaishe shi.

Wannan shi ne tsaka mai wuyar da 'ya'yan irin waɗannan gidaje suke ciki kullum, kuma shi ne abin da tsofaffin finafinanmu ba su cika taɓawa ba. Yaron da yake ganin uwarsa tana kuka da dare ba ya bukatar talabijin ta sanar da shi halin ubansa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa cewa ba shi kaɗai ba ne, kuma sanin gaskiya bai sa ya zama marar albarka ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa na ce na gode

Mahaifina malamin firamare ne har ya yi ritaya. Ni ne ɗansa na fari, don haka bisa alkunya bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba na tuna ranar da ya zaunar da ni ya yabe ni. Na tashi ina ɗaukar sa mutum mai nisa. Abin da na sani shi ne ba a taɓa koro ni daga makaranta saboda kuɗi ba, ko a watannin da albashi ya makara, kuma rigarsa ta Juma'a ɗaya ce tsawon shekarun da na yi a sakandare. A wancan lokacin ban haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya ba, domin yaro ba ya ƙirga abin da bai rasa ba.

Kallon uban da yake da dukkan daɗin bakin da nawa ba shi da shi, amma babu ko ɗaya daga cikin ayyukansa, ya sa na sake auna shirun mahaifina da wani ma'auni. Akwai iyaye maza da yawa irinsa a garuruwanmu, masu fita da asuba su dawo da leda a hannu, waɗanda ba za su taɓa zama abin kwaikwayo a majalisa ba saboda ba su da abin dariya. Ina fata marubutan shirye-shiryenmu za su ba su irin filin da suka ba Baba Ɗan Audu. Rubuta mutumin kirki ba tare da an mai da shi mai wa'azi ba ya fi rubuta ɗan duniya wuya, amma waɗanda suka iya na biyun da wannan ƙwarewa za su iya na farkon.

Kai kuma mai karatu, idan shirin ya sake kawo maka uba irin wannan, yi dariyarka, don an yi shi ne a yi dariya. Amma ka dubi waɗanda kuke kallo tare. Idan akwai wanda ya yi shiru, kada ka tambaye shi dalili.