Mun Sassauta Gudu a Hanyar Gida

'Yan uwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tafiya gida ta koma sai da lissafi. A da, in mun taso daga Agege muka hau titin Ibadan, sai mu take mota har 130, wai mu isa Kano da wuri. A Sallar bana ba mu wuce 100 ba, domin yawan gudu ke sa mota kokawa da iska tana zuƙar mai. Mun isa tsakar dare, yara na ta mita, amma kuɗin rago bai taɓu ba.

Da ana yi mana maganar hayaƙin mota da sauyin yanayi muna dariya, har ambaliyar 2022 ta kwanar da mu a Kotonkarfe.