Kafin a ɗora wa tsohuwar mota wani inji

Yau zancen tsohuwar mota za mu yi, wadda jikinta ke da sauran ƙarfi amma injin ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai kamar ruwa. A ƙauyukanmu irin waɗannan motoci, Peugeot 504 da Hiace da Hilux, su ke kai hatsi kasuwa, su ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita cikin dare. In sunka mace bisa hanya, abin ya wuce asarar kuɗi.

Mu dai abin da munka lura da shi, masu mota da yawa ƙarfin inji kaɗai suke tambaya. Ga namu gani, tambaya ta farko ita ce: wa zai gyara shi, kuma ina za a samu kayansa? 504 ta daɗe a hannunmu don an yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, kayanta sun cika kasuwa, kowane gareji ya san cikinta. Haka injunan gazuwal na Toyota, 2L da 3L da 5L: ba su da kwamfuta, famfon mai ne da bakanike ke iya kwancewa. Amma inji na zamani mai tarin wayoyi, in ya tsaya tsakanin Cadawa da Mayahi, sai an jawo motar har Maraɗi.

Sai buwat, wato giya. A yi ƙoƙari a sayi inji da buwat ɗinsa tare. In an haɗa inji mai ƙarfi da tsohon buwat, ambiriyaji ne ke fara ƙonewa, balle cikin rairayin gulbin Kaba inda mota ke tafiya da giya ta ɗaya da ta biyu. Radiyato ma a duba shi, don zafin watan Afrilu ba ya ragowa.

Batun mai shi ma sai an yi lissafi. A Yulin 2024 gwamnati ta maida litar esansi sefa 499, gazuwal kuma 618. Gazuwal ya fi tsada, amma injinsa ya fi tsimi da jan kaya. Man Najeriya kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, arharsa ta tafi.

Ko a Maraɗi za a sayi injin, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da bakanike, a sa a tada shi a ji kukansa kafin a biya, a karɓi takardar saye mai lambar inji. In an sauya daga esansi zuwa gazuwal, a gyara kartigiris tun kafin jandarma su tambaya.

Direbobi da masu gareji, wane inji ne ya fi jure muku hanya? Muna saurarenku. Allah ya kiyaye hanya.