Ƙamshin Titin Spadina

Duk wanda ya sauka a birnin Toronto na ƙasar Kanada, hancinsa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Da muka bi titin Spadina, wanda ya ratsa gefen Jami'ar Toronto, sai muka riƙa jin warin da a zango ba a jin sa sai a bayan kango. A can kuwa da rana tsaka ne, ɗan sanda na wucewa bai ko waiwaya ba.

Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta halatta tabar wiwi ga manya. A jihar Ontariyo sai mai shekara 19 ake sayar wa, a Kwibek kuwa sai 21, kuma ba a yarda mutum ya fita da fiye da giram 30 ba. Kantunan tsaf-tsaf kamar na magani, ana duba katin shaida, kowane ƙunshi da jan tambari da gargaɗin lafiya.

Ɗaliban da muka zanta da su ba su ɗauke ta abin kunya ba, ba su kuma ɗauke ta abin burgewa ba. Sun ajiye ta kusa da giya. Wasu sun ce tana rage masu fargabar jarrabawa. Mu dai malamai ne, mun san abin da ke rage wannan fargaba, wato bitar littafi. Wasu kuma sun ce tun da aka halatta ta armashinta ya ragu. Ita jami'ar ta hana shan kowane irin hayaƙi a harabarta tun Janairun 2019, don haka mashayan sai su tsallaka titi.

To jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. Yaranmu na Nima da Kumasi suna tafiya karatu can, kuma baƙo ba ɗan gida ba ne. Tun Disambar 2018 tuƙi cikin maye ya zama babban laifi da ke iya jawo a kori ɗalibin waje daga ƙasar. Fita da ita ƙetare ma laifi ne, ko da ƙwaya ɗaya.

Nan Gana kuwa, dokar 2020 da majalisa ta gyara a 2023 ta ba da izinin noma irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don magani da masana'antu, da lasisi. Shan ta har yau haramun ne a doka, ko da yaro ya dawo da digirin Toronto a jakarsa.