Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun san teku ne a bakin malamin labarin ƙasa kawai. Mutumin Kano in yana son ya ga ruwan da ba a hango gaɓarsa, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Ikko. To, ni dai bana na ɗaura niyyar in an tashi hutun ƙarshen shekara, in Allah ya yarda, zan je tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya in yi mako guda. Shekara biyu ina zuba adashe da kuɗin ɗinkin hula, sa'an nan Yayana ya cika mini ragowar. Kuɗin da aka sha wahalar tarawa haka kuwa, tilas ne mutum ya san dalilin kashe shi.

Da na kai maganar gida, Inna ta ce, "Kai da ko kududdufin bayan gari ba ka taɓa shiga ba, me za ka nema a tsakiyar ruwa? In Makka ce sai in sa albarka da baki biyu." Na ce, "Inna, karatu ne zai kai ni." Ba kuwa wayo na yi mata ba. A ajin nazarin aron kalmomi aka nuna mana yadda Hausa da Sawahili, duk da ba danginsu ɗaya ba, suka sha daga rijiya guda, watau Larabci. Mu mun ce littafi, labari, alƙalami. Su sun ce kitabu, habari, kalamu. Bahaushe ya haɗiye kalmar tare da "al" ɗinta, Basawahile kuwa ya yar da ita. Mu ta hamada, a bayan raƙumi, kalmomin nan suka iso mana. Su kuwa ta teku, cikin jiragen ruwa masu filafilai. Ina so in ji da kunnena yadda suke fita daga bakin mai kifi a kasuwa, don gani ya kori ji.

Farkon shiri shi ne zaɓen lokaci. Damina biyu gare su: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Nuwamba. Wanda ya je cikin babbar, a ɗaki zai ƙare hutunsa yana kallon indararo. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa rani ne mai sanyi-sanyi, lokacin da iskar kudu da suke kira kusi take kaɗawa. Ita da takwararta kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, su ne suka daɗe suna kawo fatake daga Oman da Indiya, suna kuma mai da su gida. Saboda haka na tsai da watan Agusta.

Na biyu, takardu. Sa'ad da na bincika, na tarar ɗan Nijeriya sai ya nemi biza tun yana gida, ya jira amsa, don ba a buga masa ita a filin jirgi. Akwai kuma katin allurar shawara, wanda duk mai fitowa daga ƙasa irin tamu sai ya nuna. Daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa. Bugu da ƙari, daga Oktoba 2024 gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi sayen inshora tata ta kanta. Waɗannan duka na sa su cikin lissafi kafin in taɓa kuɗin masauki. Naira kuwa ba ta ciniki a can, shilin ɗin Tanzaniya ake kashewa.

Na uku, akwati, kuma nan ne gardama ta tashi tsakanina da zuciyata. Bahaushe in zai fita kunya, babbar riga yake ɗauka, ta shadda, wadda ta sha bugu. Amma zafin bakin teku ba irin namu ba ne; namu busasshe ne, nasu kuwa mai laima, wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Don haka na ninke babbar riga na mayar da ita adaka, na ɗauki kaftani uku marasa nauyi, da malafa, da silifas, da gidan sauro da maganin zazzaɓi, tun da rigakafi ya fi magani. Leda kuwa ko ɗaya ban sa ba, domin Tanzaniya ta haramta jakar leda tun Yuni 2019. Kilishin da Inna ta so ta yi mini guzuri shi ma na roƙe ta ta bari, kada ma'aikatan kwastan su karɓe.

Wani abokina ya ce in sayi gajeren wando da riga mai hoton kwakwa, wai haka masu yawon buɗe ido suke yi. Na ƙi. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma su kansu suna roƙon baƙi su rufe jiki a cikin gari. Ban ga dalilin da zai sa in yi shigar wani don in je wurin mutanen da shigarsu ta fi kama da tawa ba. Har ma na zaɓi huluna biyu cikin ɗinkina don tsaraba, tun da su ma ma'abota hula mai aiki ne, wadda suke kira kofia.

Akwai kuma kayan da ba a sa su cikin akwati, sai a ka. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu, kuma a Sawahili daga fitowar rana ake fara ƙirga lokaci, har ƙarfe bakwai na safe ta zama saa moja, watau ƙarfe ɗaya. Wanda bai san wannan ba, jirgi zai tashi ya bar shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alƙibla. Mu nan "gabas" da "alƙibla" sun zama abu guda a bakinmu, amma Zanzibar tana kudu da Makka sak, don haka arewa ake fuskanta.

Haka kuma na karanta tarihin wurin, don kada in je in ga farin yashi kaɗai. Arzikin da ya gina tsohon birninsu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, daga kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi ya fito, musamman bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa can a wajen 1840. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayin. A Janairun 1964 aka yi juyin juya hali aka kori sarkin, a Afrilun shekarar kuma tsibirin ya haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya. Mu ma da ayarinmu na hamada muna da irin wannan tabo, saboda haka zan tsaya a inda kasuwar take da kunyar ɗan gida.

Abu na ƙarshe da na sa a aljihun akwati shi ne sabon littafin rubutu da biro biyu. Na yi wa ƙungiyarmu alkawarin kalmomi 100 da Hausa da Sawahili suka yi tarayya a kansu, kowace da jimlar da na ji ta a ciki. In na dawo lafiya, za ku gan su a fitowa ta gaba. Allah ya kai mu.