Taura Uku a Legon

A Jami'ar Gana da ke Legon, ɗalibin da aka ɗauka a ɓangaren adabi da zamantakewa ba ya fara karatu da fanni guda. Uku ake haɗa masa a shekarar farko. A ta biyu ya ajiye ɗaya, daga baya kuma ya zaɓa: ko ya rungumi guda ya ƙare da shi, ko ya mai da ɗaya babba ɗaya ƙarami, ko kuwa ya riƙe biyun daidai wa daida har ranar yaye. Wannan na ƙarshe shi ne digirin haɗaka. Ba baƙon abu ba ne ga mutanen Gana, domin Kofi Busia da John Kufuor, waɗanda kowannensu ya jagoranci gwamnatin ƙasar, falsafa da siyasa da tattalin arziki suka haɗa a Oxford, tsarin da aka fara can a 1920. Sai dai sanin haka ba ya kwantar da hankalin uban da ke biyan kuɗin makaranta.

Akwai irin wannan uba a Kokomlemle, unguwar da ke tsakanin shataletalen Kwame Nkrumah da Nima. Gyaran firiji yake yi. Kullum yana ganin samari suna fitowa daga cibiyar koyon sana'o'in hannu da ke unguwar, kowa da sunan aikinsa: wannan mai lantarki, wancan makaniki, wancan mai walda. Da 'yarsa ta kawo masa takardar shiga jami'a, ta karanta masa Larabci da kimiyyar harshe da tarihi, sai ya ce, "Taura biyu ma ba ta taunuwa, ke kuma uku aka ba ki. In an gama, me za a kira ki?" Ta ce, "Baba, Hausa nake so in karanta." Ya dube ta kamar wadda ta ce za ta je Legon koyon shan koko.

Tambayarsa tana da nauyi, kuma ba a kyauta wa irinsa in aka mai da shi jahili. Amma amsar yarinyar ma gaskiya ce, ko da yake babu Hausa a cikin ukun da ta lissafa. Dalili shi ne, Hausa a Gana tana da yawan baki amma ba ta da kujera. Ita ce harshen zango, daga Nima da Maamobi da Sabon Zango har Kumasi. Gidan rediyon ƙasa yana watsa labarai da ita. Ta shiga bakin waɗanda ba su jin ta: abincin da kowa ke kira waakye daga wake ya samo suna, tuo zaafi kuwa ba ya bukatar fassara. Duk da haka ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyin rubutawa da koyarwa, saboda ana ɗaukar ta a matsayin baƙuwa. A Jami'ar Bayero ta Kano mutum zai iya karanta Hausa tun daga ajin farko har digiri na uku. A Legon babu sashen da ke ɗauke da sunanta. Ɗan zangon da ke son nazarin harshen gidansu dole ya shiga ta ƙofofin maƙwabta.

Abin mamaki shi ne, a wannan harabar ce aka ajiye wani babban kaso na gadon Hausar Gana. Cibiyar Nazarin Afirka, wadda aka kafa a 1961, ta tattara kwafen rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami a shekarun 1960, aikin da Ivor Wilks ya jagoranta tare da malaman ƙasa irin su Alhaji Usmanu Boyo. Cikinsu akwai ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya bar ta bayan yaƙin basasar 1892, ya zauna a Kete-Krachi ƙarƙashin Jamusawa har mulki ya koma hannun Ingilishi, ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci, ya yi da Hausa, kamar waƙarsa ta talauci da wadata, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da ajami.

To, wane ne zai karanta shafi guda na Alhaji Umaru ya fahimce shi? Masanin Larabci zai gane baƙaƙen da ƙa'idar waƙar, ya tsaya cik a kan Hausar. Masanin kimiyyar harshe zai bayyana yadda wasulla uku na Larabci suke ɗaukar wasulla biyar na Hausa, da yadda marubuci yake dabarar rubuta ɓ da ɗ da ƙ, amma ba lallai ya san dalilin da ya sa malamin Kano yake zaune a bakin kogin Volta ba. Wannan sai masanin tarihi. Mutumin da ya rubuta shafin bai raba waɗannan ilimomi ba. Jami'a ce ta raba su domin sauƙin albashi da jadawali. Idan aka dubi lamarin ta nan, fannoni ukun da aka ba yarinyar ba taura uku ba ne, tsaba ɗaya ce aka fasa.

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Tsarin haɗaka, a kowace jami'a yake, yana da cutarsa. Laccoci suna cin karo. Kowane sashe yana ganin ɗalibin haɗaka rabin ɗa ne, kuma idan an zo neman mai duba kundin kammalawa, ɗan gida ake fara sallama. Mafi muni, akwai masu fita da ɗan wannan da ɗan wancan, ba su nutse ko'ina ba, domin maki ne ya haɗa masu fannonin, ba wata tambaya da ke cin su ba. Irin waɗannan ne suke gaskata tsoron mai gyaran firiji, kuma suna da yawa.

Ita yarinyar tarihi ta ajiye a shekara ta biyu, ba don ta so ba. Larabcin makarantar allo da na Islamiyya ya ba ta ƙafar tsayuwa, kimiyyar harshe kuma ita ce sabuwar fitilar. Tarihin sai ta koma nemansa a ɗakin karatu da kuma ɗakin kakarta a Nima, wadda har yanzu Ankara take kiran Akra, kamar yadda fataken da suke faɗi.

A can ne tambayar kundinta ta fito. Hausar da masana ke kira Gananci ta yi watsi da bambancin jinsi a wurare da yawa, har a ji an ce "yarinya ya zo", abin da zai sa Bakano ya waiwaya. Malamin makaranta zai kira shi kuskure. Mai kimiyyar harshe zai ga abin da ke faruwa idan harshe ya zama gadar mutanen da harsunansu na asali, irin su Twi da Ga da Dagbani, ba su raba namiji da mace a wakilin suna. Ita kuwa so take ta san yaushe aka fara. Ta ɗauki muryoyin tsofaffi a Maamobi, ta jera su da na jikokinsu, sannan ta ajiye su kusa da ajamin Alhaji Umaru. Wata tsohuwa da aka kawo aure daga Sakkwato ba ta taɓa sakin "ta" ba. Jikarta ba ta faɗinsa ko sau ɗaya a hirar gida, amma da ta fara kwaikwayon wata jarumar finafinan Kano, sai ga shi ya dawo bakinta daram. Babi na uku na kundin a kan wannan jikar yake, kuma malamai biyu ne daga sassa biyu za su sa masa hannu.