Daga Damargu zuwa Damagaram: Ina Ɗiyanmu Suke Kwana?

Jama'a, manoma da makiyaya, kowa ya san Damargu da gero da dabbobi. Yau kuwa, ban da buhunan hatsi, motocin da ke tashi daga tashar Tanut suna ɗaukar samari da ƴan mata da suka ci bak, za su jami'a.

Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 145 ne, bisa hanyar da ta fito daga Agadas. Ana wuce matatar mai ta Soraz wadda aka buɗe a 2011. Ɗan Belbeji da ɗan Gangara su ma wannan hanya suke faɗawa. Can dauri, mai son karatu mai zurfi sai ya je Yamai. A shekarar 2010 gwamnati ta kafa jami'a a Damagaram, wadda yanzu ake kira Jami'ar André Salifou. Tafiya ta yi sauƙi. Saura wurin kwana.

Akwai ma'aikatar da ake ce wa CROU. Ita ke kula da ɗakunan ɗalibai, wato site, da gidan cin abinci. Amma gadaje ba su kai yawan yara ba. Nan ne ake gane gidan da kowa ya fito.

Ɗan ma'aikaci ko ɗan babban ɗan kasuwa, in bai samu gado ba, ubansa ya kama masa haya. Wanda ke da kawu ko gwaggo a Birni ko Zango ya sauka gidansu, ya ci tuwon gida, amma shi ne ɗan aike, shi ne mai neman ruwa, ga Damagaram da wahalar ruwa. Ɗan talaka da ba shi da kowa sai ya raɓa ɗakin wani ɗan garinsu, ya shimfiɗa tabarma ƙasa. Ɗan makiyayi ya fi kowa shan wuya, don lokacin da ake komawa makaranta iyayensa suna daji da garke, aike ba ya isa da wuri. Ɗiya mace kuwa, in babu gidan amana, sau da yawa iyaye sukan ce ta zauna gida, karatun ya tsaya nan.

Amma ɗan ƙauye yana da abin da ya fi wasu da shi. Ya saba da kwana cikin jama'a, ya iya girki, ya iya tattali. A ɗaki guda sai ka tarar da Bahaushe da Buzu da Bafillace da Badagire suna ci a kwano ɗaya.

To, ƴan'uwa, kada mu dogara ga kuɗin burs kaɗai, don ba kowa ke samu ba, kuma yakan yi latti. Tun da kaka a ware wa yaro gero da wake. Mai dabbobi ya ajiye akuya ɗaya da sunansa. Kafin ya tashi, uba ya je da kansa ya gana da mai masauki, ya kai masa tiya biyu ko uku ta hatsi. Gari kuma ya haɗa kai ya kama wa ɗiyansa ɗaki. Yaron da ya kwana lafiya shi ke gane karatu, shi ne kuma zai dawo mana malami ko likitan dabbobi.